Ƙofa Biyar

Dillali ya zo da sassafe, hannu cikin aljihu,
ya zagaya ta sau biyu, ya taɓa taya da ƙafa,
ya ce, "Silinda nawa?"
Na ce huɗu.
Ban gaya masa ɗaya na yin tari ba
duk ranar da sanyin Jos ya kwana a kanta.

Ƙofa biyar gare ta, in ka ƙirga da ta baya,
wadda ake ɗagawa sama kamar murfin adaka.
Guntun gora ke tokare ta tun da ƙarfenta ya gaji.
Ta nan kabeji ya shiga, da karas mai ɗanyar ƙasa,
da buhun dankali uku daga Farin Gada,
ta nan ragon sunan autarmu ya leƙo
yana yi wa titin Bauchi kuka.

Ba sabuwa Baba Tanimu ya saya ba.
Ƙirar Japan ce, ta yi ƙuruciya a ƙasar ƙanƙara,
ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano.
Mai sayarwa ya rantse wata tsohuwa ce ke hawanta.
"Kullum tsohuwa ce," in ji Baba, yana dariya,
"su samarin can a ƙasa suke tafiya?"
Har yau akwai takarda manne a gilashin gaba
da harshen da ba wanda ya iya a gidanmu,
ba kuma wanda ya yarda a ɓare ta.

Dillali ya ce, "Giya fa?"
Biyar, amma ta biyu ce ta san Hawan Kibo.
A can Baba kan kashe rediyo,
ya ce kowa ya yi shiru, tana aiki.
Manyan motoci a gefen hanya, baki buɗe, suna tururi,
ita ko tana hawa,
tururuwa da ƙwayar gero,
mai kaɗan a ciki, haƙuri fal.

Dalyop na Dilimi shi ne likitanta.
Yakan ɗora sukundireba kan inji, ya kara kunne,
ya ce, "Ba ciwo ba ne, fushi take yi."
Shekara goma sha tara suna musu da Baba
kan kabireta, kan farashin fulogi,
kan wanda zai biya kuɗin shayi.

Takardarta ta ce mutum biyar.
Daren da gari ya rikice, hayaƙi ya tokare unguwa,
ta ɗauki goma sha ɗaya:
matar Dalyop, da 'ya'yanta huɗu a ƙofar baya
inda kabeji ke kwana,
da mu, kan cinya bisa cinya.
Baba ya tuƙa ba fitila.
Salansa na jan ƙasa, tana nishi,
ba ta tambayi sunan kowa ba.

Tun daga ranar Dalyop bai ƙara karɓar kuɗin aiki ba.
Musun shayi kawai ya rage.

Allurar ƙirga tafiya ta tsaya tun ina firamare.
Abin da ta ci na hanya bayan nan
tsakaninta da Allah ne.

Dillali ya tsotsi haƙori, ya faɗi kuɗi.
Ya ce jikin na 'yan gwangwan ne,
injin dai wataƙila mai niƙa ya so.

Na buɗe ƙofa don in ɗauko masa takardu.
Kujerar direba na nan yadda aka bar ta,
a matse gaba, daidai tsawon ƙafar Baba.
Gwiwata ta bugi sitiyari.
Wata bakwai ke nan, ban ja ta baya ba.

Na ce masa ya dawo jibi.
Ya ce jibi farashi zai sauka.
Na ce to.

Da ya sha kwana na murɗa makulli.
Ta yi tari sau ɗaya, sau biyu,
ta yi shiru kamar mai tunani,
sannan ta kama.